Kaso, Iyaka, Saura da Wa'adi: A Kira Kowane Abu da Sunansa

Batun da na ɗauko a wannan mako wani zai ga kamar ƙarami ne, irin wanda malaman harshe ke jayayya a kansa idan sun rasa abin yi. Ni ma da haka nake kallonsa, har sai da wani abu ya faru da kawuna a Dosara, cikin ƙasar Maradun, wanda ya sa na sake tunani.

Kawun nawa manomin rani ne, yana noma shinkafa a filayen da ke shan ruwa daga madatsar Bakalori. Da ya sayar da abin da ya girbe, mai sayen bai ba shi tsabar kuɗi ba, ta asusu ya tura masa, kamar yadda ciniki ya koma yanzu saboda tsoron yawo da kuɗi a hanya. Wayar da ke ɗauke da manhajar asusun tana hannun ɗansa, saurayi da ya gama sakandare, shi ne kuma ya juya manhajar zuwa Hausa domin mahaifinsa ya riƙa karantawa da kansa, tunda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci. Ranar da abin ya faru sun biya 'yan ƙwadago, sun biya mai injin casa, sun rage wani bashi. Da yamma suka zo tura kuɗin taki, sai waya ta ƙi, ta rubuto cewa "kasonka ya ƙare". Suka sake gwadawa, sai saƙo ya shigo yana cewa ya "wuce ƙa'ida". Suka leƙa wani shafin, suka tarar da kalmar "ma'auni" da wasu lambobi a gabanta. Yaron ya yi ta rantsuwa cewa lambobin nan su ne kuɗin, suna nan ba abin da ya taɓa su, amma ma'auni a sanin kawu sikeli ne ko mudu, kuma wa zai karɓi shaidar wanda ake tuhuma?

Bayan sallar isha'i ya kira ni, muryarsa na rawa. "Malam, waya ta ce kuɗɗina sun ƙare, ni kuwa na san abin da na kashe." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri zuwa gobe, ina jin iyakar turawa ta yini ɗaya ce kuka kai." Bai gamsu ba, domin ni zato nake yi daga nesa, ita kuwa waya a gabansa take, kuma da Hausa ta yi masa magana. Gari na wayewa ya hau babur zuwa Talata Mafara, a kan hanyar da kowa ya san ba a binta yanzu sai da addu'a. Can aka duba aka tabbatar masa kuɗinsa na nan daram, kuma da ya jira gari ya waye a gida da waya ta tura ba tare da gardama ba. Ya yi asarar kuɗin mai, ya yi asarar yini guda a gona. Wadda ta fi su ciwo ita ce kalaman da ya faɗa wa ɗansa a daren nan, ga shi Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Babu wanda ya saci kuɗin kawu, babu kuma na'urar da ta lalace. Abin da ya faru shi ne an kira abu ɗaya da sunaye biyu, kaso da ƙa'ida, alhali ba ɗayansu da ya dace da shi, sannan aka kira kuɗin da ke cikin asusu da sunan wani abu daban. Wannan shi ne ciwon da nake son mu duba yau: rashin tsayawa a kan kalma ɗaya wajen bayyana abin da manhaja ta ware wa mai amfani da ita, ko kuɗi ne, ko data, ko mintunan kira, ko wurin ajiyar hotuna da takardu.

Kowa ya san cewa waya ta wuce kayan ado a wannan yanki. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, ciniki da zumunci suka tsaya cik. Tun kafin nan, a shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke riƙe da ma'aikatar gona ta tarayya, an fara shirin tallafin da ke aika wa manomi saƙo ta waya ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Ke nan tun shekaru fiye da goma da suka wuce, abin da hukuma ko kamfani ya ware wa manomi ya koma 'yan kalmomi a fuskar waya. A gefe guda kuma Hausa ta shiga manhajoji da ƙarfinta: Google ya sanya ta cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016, bankuna da kamfanonin waya suna ta bi. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai shigar ta zo da gaggawa, kowane kamfani da mai fassararsa, wani lokacin ma shafi ɗaya mutum ne ya fassara shi, na kusa da shi na'ura.

Tushen matsalar daga Ingilishin kansa yake. Masu rubuta manhaja suna da tarin kalmomi da suke jefawa yadda suka ga dama: "quota", "limit", "allowance", "cap", "balance", "credit", "bundle", "plan". Su kansu a kamfanoninsu sukan zauna su yi muhawara a kan wacce za su riƙe, domin sun san mai karatu yakan ɗauka cewa sabuwar kalma sabon abu take nufi. Idan wannan tarin ya iso hannun mai fassara Bahaushe, wanda galibi akan ba shi jimloli a warwatse ba tare da ya ga shafin da za su zauna ba, sai ya buɗe ƙamus. Nan ne "allowance" ke zama alawus, wanda a kunnenmu kuɗi ne da ake ba ma'aikaci ko ɗan hidimar ƙasa. Nan ne "balance" ke zama ma'auni ko daidaito, "credit" ya zama bashi a wani shafi, ya zama yabo a wani, "plan" kuma ya zama tsari ko shiri, kamar ana batun gina gida.

A ganina, duk wanda ya riƙe waya yana duba abin da aka ware masa, tambayoyi huɗu ne a ransa. Nawa aka ba ni? Ina ne ba zan iya wucewa ba? Nawa ya rage mini? Yaushe abin zai daina aiki? Tambayoyi huɗu ne mabambanta, saboda haka kalmomi huɗu suke bukata, kowace ta tsaya a gurbinta daga shafin farko na manhaja har zuwa saƙon da ke shigowa da tsakar dare. Shawarata ita ce kaso, iyaka, saura da wa'adi. Bari in kawo hujjata a kan kowace.

Kaso shi ne abin da aka yanka aka ce naka ne, kana cinsa yana raguwa. Gigabait 15 da Google ke ba kowane mai asusu kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke ci daga cikinsa, kaso ne. Idan ya cika, wasiƙu sukan daina shigowa, kuma ɗalibin da ke jiran amsar neman gurbin karatu ya san abin da hakan ke nufi. Datar da mutum ya saya ta wata ɗaya kaso ce. Wani zai ce me ya sa ba za a ce rabo ba? Dalili shi ne rabo a Hausa ya auri ƙaddara. Idan aka ce wa Bahaushe "rabonka ya ƙare", ba lissafi zai ji ba, zai ji kamar an yi masa baki. Na san kuma kaso na da nasa ƙawayen, akwai gidan kaso, akwai kaso kaza cikin ɗari. Na farkon ba mai rikita shi da data, na biyun kuwa sai mu bar wa kalmar kashi, mu ce kashi 80 cikin ɗari na kasonka ya tafi.

Iyaka ita ce katangar da aka gitta maka ko da kana da abin a hannu. A nan ne kawu ya faɗa rami. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa naira 500,000 a mako ga mutum ɗaya daga watan Janairun 2023, bai rage wa kowa ko sisi a asusunsa ba, ƙofa ce ya ƙuntata. Kaso yana ƙarewa, iyaka kuwa kai mata ake yi, kuma sau da yawa gobe ko mako mai zuwa za ta sake buɗewa. Mai fassarar da ya musanya su ya gaya wa mai kuɗi cewa ya talauce. Kalmar ƙa'ida ba ta dace a nan ba, domin wanda ya wuce ƙa'ida laifi ya yi. Haddi ya fi ta muni, musamman a Zamfara, inda kowa ya san haddi a matsayin hukuncin shari'a. Iyaka kuwa kalmar gona ce, kowane manomi ya san inda tasa ta tsaya, ya kuma san cewa isa gare ta ba zunubi ba ne.

Saura shi ne amsar tambaya ta uku. Ragowa ma Hausa ce, amma tana ɗauke da ƙanshin kwanon da aka ci aka ture. Saura kalma ce gajera, tana shiga ƙaramar fuskar waya, kuma ita ce ke bakin kowa a kasuwa: saura nawa? A shafin banki, in ana son ƙarin haske, sai a ce kuɗin da ke asusu. Ko balans ɗin da matasa ke faɗa ya fi ma'auni sau dubu, domin aƙalla ba ya tura tunani wajen sikeli.

Wa'adi shi ne lokacin da aka ɗiba wa kaso. Mun san shi a bashi, mun san shi a mulki, mun san shi a haya. Sai dai a nan ma akwai tarko, domin idan aka ce wa'adin wane ya cika, an san abin da ake nufi. Saboda haka manhaja ba za ta ce "wa'adinka ya cika" ba, sai dai ta ce "wa'adin datarka ya cika". Wannan ɗan bambanci ƙamus ba zai koya wa mutum shi ba, sai wanda ya tashi a cikin harshen, ya je ta'aziyya, ya ji yadda ake magana.

Muhimmancin wa'adi ya fi fitowa idan muka dubi kalmar "ƙare". Sau nawa mutum ke ganin saƙon da ke cewa "datarka ta ƙare"? Abubuwa biyu ne ke iya faruwa. Ko dai ya cinye kasonsa ƙarƙaf, ko kuma kason na nan da saura amma ranakunsa sun cika. Matakin da zai ɗauka ya bambanta: na farko yana bukatar ya sayi kaso mafi girma ko ya rage kallon bidiyo, na biyu yana bukatar ya sayi ƙarami, ko ya sabunta da wuri idan kamfaninsa na ɗora saura a kan sabon saye. Idan kalma ɗaya ta rufe duka biyun, mai saye ba zai taɓa gane inda kuɗinsa ke zurarewa ba, kuma ba shi ne ke cin ribar wannan duhu ba. A bar "ƙare" ga kason da aka cinye, a bar "cika" ga wa'adi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba talaucin kalmomi ke damunmu ba. Al'ummar da ake yi wa wannan fassara ta daɗe da ƙwarewa wajen lissafin rabe-rabe. Manomin Bakura ko Maradun da bai taɓa shiga aji ba zai gaya maka nisabin zakkar hatsi wusuƙi biyar ne, zai gaya maka cewa abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushuri, wato ɗaya bisa goma, wanda kuwa aka shayar da wahala da kashe kuɗi ana fitar da rabin haka. Ba ya kiran nisabi da sunan ushuri. A rabon gado akwai tumuni da rubu'i da sulusi da sudusi, ba alƙalin da zai musanya ɗaya da ɗaya don gudun maimaici. Mata a adashi sun san zubi, sun san kwasa. Da aka zo batun adadin mahajjatan da Saudiyya ke ware wa kowace ƙasa, Hausawa suka ce kujera, aka zauna a kai, har idan rediyo ya ce an ba Najeriya kujeru 95,000, kamar yadda aka yi a 2023, ba mai tambayar ko na katako ne.

Haka kuma Hausa ta raba aro da rance, abin da Ingilishi bai yi ba. Aro shi ne ka karɓi fartanya ka mayar da ita kanta, rance shi ne ka karɓi kuɗi ko hatsi ka biya da makamancinsa. Kamfanin da ya rubuta "ari kati" ya sassauta abin da ba sassauƙa ba ne, domin rance ne, kuma akwai ladan da ake cirewa a kai, ya kamata a faɗe shi a fili. Ga kuma gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke zuba maka bayan ya cika mudu. Datar da ake ƙara wa mai saye gyara ce, kiranta kyauta yana sa mutum ya manta cewa sai da ya saya aka ba shi, kuma galibi tana da nata wa'adin da ya fi na uwar gajarta.

Mutanen yankin Bakalori sun fi kowa sanin nauyin abin da aka rubuta a takarda da sunan kason mutum. An kammala madatsar a 1978, aka yi niyyar shayar da kadada kusan 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma rikicin diyya da sake rabon gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Ba ina cewa kalmomi ne suka jawo wannan musiba ba, dalilanta sun fi haka zurfi. Abin da nake cewa shi ne jama'ar da ta ga wannan tana da dalilin yin zargi duk lokacin da wani daga nesa ya gaya mata abin da ya rage mata da harshen da bai fita sosai ba. Yau ana ta maganar sanya rabon ruwa da kuɗin ruwa da bashin noma a cikin waya. Idan ba a gyara kalmomin tun yanzu ba, za a gina sabon tsari a kan tsohuwar rashin yarda.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko abokan aikina ne malaman adabi, waɗanda muka koya wa ɗalibai tare cewa maimaita kalma rauni ne a insha'i, gwani shi ne mai sarrafa kalmomi masu kusancin ma'ana. Haka ne a waƙa da ƙagaggen labari. Amma fuskar manhaja 'yar'uwar takardar yarjejeniya ce da rasit, kuma a irin wannan rubutu maimaici shi ne ado. Lauyan da ya kira mai haya da sunaye uku a takarda ɗaya ya buɗe ƙofar shari'a.

Na biyu su ne masu cewa a bar kalmomin Ingilishi yadda suke, tunda kowa ya saba da data da kati. Ba ni da rigima da aron kalma. Hausa ta aro daga Larabci da Azbinanci da Barebarci da Ingilishi da Faransanci, ba ta kuma rasa kanta ba, wa'adi da nisabi ma baƙi ne da suka zama 'yan gida. Data ta zauna, a bar ta. Sharaɗina biyu ne kawai: kalmar ta kasance wadda tsoho a Dosara zai gane, kuma in an zaɓe ta a tsaya a kanta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce balans a sama, saura a tsakiya, ma'auni a ƙasa.

Na uku su ne masu tambayar Hausar wa za a bi, ta Kano ko ta Sakkwato ko ta Maraɗi, inda ma daga Faransanci ake fassarowa? Tambaya ce mai kyau, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa na zaɓi waɗannan huɗun, domin ban san wani karin Hausa da bai san kaso da iyaka da saura da wa'adi ba. Inda aka sami saɓani, alƙali shi ne gwaji. A ɗauki saƙon a kai shi kasuwar Talata Mafara, a karanta wa mai sayar da albasa da mai faci da tsohuwa mai ƙosai, a tambaye su abu ɗaya: bayan kun ji wannan, kuɗinku na nan ko babu? In amsoshi suka rabu, saƙon ya faɗi jarrabawa, ko da farfesa ne ya rubuta shi.

Kada a ɗauka wannan fitina ce ta masu ƙananan harsuna. A Amurka, hukumar tarayya mai kare masu saye, wato FTC, ta kai kamfanin AT&T ƙara a 2014 saboda ya sayar wa mutane data da sunan marar iyaka, alhali yana rage mata gudu idan sun kai wani adadi. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. Kalma ɗaya ce ta jawo wannan. Mu ma a nan muna ganin tallar data marar iyaka, kuma ranar da za a fassara ta zuwa Hausa ya wajaba a tambaya ko da gaske babu iyakar, ko kuwa an ɓoye ta ne a ƙananan haruffa.

Wa zai ɗaure wa wannan aiki gindi? Muna da tarihi a kai. Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa a Jihar Arewa, kuma daga cikin ayyukanta har da tattara kalmomin aro da na fannoni. A 1990 aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau ɗalibin Hausa a Zariya da na Sakkwato ke kiran abu ɗaya da suna ɗaya a jarrabawa. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A Tanzaniya, majalisar kula da harshen Swahili da aka kafa a 1967 tana nan tana daidaita kalmomin fannoni. Abin da aka yi wa nahawu za a iya yi wa waya.

Akwai ma misali na kusa. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta tilasta wa duk kamfanonin waya amfani da lambobi iri ɗaya: *310# don duba kuɗin kira, *311# don sa kati, *312# don sayen data, *323# don duba sauran data, *303# don rance. Dalilin da aka bayar shi ne sauƙaƙa wa jama'a, kada mai layi biyu ya haddace lambobi kashi biyu. To, idan an ga hikimar daidaita lambar da mutum zai danna, me zai hana a daidaita kalmar da za ta fito bayan ya danna?

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu, na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Gusau, da takwarorinsu na Nijar, su haɗa kai da masana kwamfuta su fitar da ɗan taƙaitaccen jerin kalmomi, ko da hamsin ne, na kuɗi da data da ajiya, kowace da ma'anarta da misalin jimla da kuma kalmomin da aka hana a sa a gurbinta. A sa shi a intanet kyauta. NCC da Babban Banki su nemi duk kamfanin da ke aika saƙo da Hausa ya bi shi. Kamfanoni su daina miƙa wa mai fassara jimloli tsirara, su nuna masa shafin da kowace za ta zauna, su kuma sa mutum ɗaya ya karanta manhajar daga farko har ƙarshe kafin a sake ta. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da sauran matasanmu masu ƙirƙirar manhaja, ba sai sun jira kowa ba: kafin ka rubuta shafin farko, rubuta jerin kalmominka a takarda ka manna a bango.

Ga yadda saƙon da ya tayar da hankalin kawu ya kamata ya kasance: "Ka kai iyakar turawa ta yau. Kuɗinka na nan a asusu, saura naira kaza. Za ka iya sake turawa gobe." Jimloli uku ne, ba kalma ɗaya a ciki da ke bukatar digiri, kuma da su ya gani da ya kwana lafiya a gidansa.

Da na je Dosara bayan sallah, na tarar ya sa an mayar da manhajar zuwa Ingilishi. Na ce, "Kawu, ai kai ba ka jin Turanci." Ya ce, "Malam, gara wanda na san ban sani ba, in kira yaro ya karanta mini, da Hausar da za ta ruɗe ni ina ganin na gane." Na rasa amsar da zan ba shi. Mun shekara da shekaru muna fafutukar a sa Hausa a na'ura, ga shi an sa, ga kuma Bahaushe ya cire ta da hannunsa, kuma ba zan ce bai da gaskiya ba. Nauyin dawo da shi yana wuyanmu, mu da muka karanta harshen muke kuma cin abinci da shi.